An Plastifiye wa Huraira Shekara Goma Sha Uku

Duk wanda ya san Hajiya Huraira a unguwarsu ta Bobigny, can gefen Paris a Faransa, ya san abu biyu game da ita. Na farko, ba a haife ta da haƙuri ba, kuma shekara sittin da biyu ba su koya mata ba. Na biyu, a saman kabad ɗin ɗakinta akwai wani faffaɗan kwali mai ruwan toka wanda ba a taɓawa. 'Ya'yanta uku a gidan nan suka tashi, sun fasa kwanuka, sun ƙona labule, ɗaya ma ya taɓa jefa rediyon ubansa ta taga daga hawa na shida, amma ba wanda ya taɓa ɗora yatsa a kan kwalin nan. Wanda ya zo ya taɓa shi daga baya ba yaro ba ne. Dattijo ne mai furfura, mai digiri, mijinta na shekara arba'in da ɗaya, Malam Abdulhamid.

Abin da ke cikin kwalin selulo ne guda goma sha ɗaya. Yaran yanzu ba su san shi ba, don haka bari a yi bayani. Kafin kwamfuta ta ƙwace aikin, fim ɗin katun da hannu ake yin sa. Ana samun fallen roba siririya, garai-garai kamar gilashi, a ja layin hoto da tawada a gabanta, sannan a kifa ta a zuba fenti ta baya. Fallen nan shi ne selulo. Sai an yi goma sha biyu, kowane ya ɗan bambanta da na gabansa, kafin a sami motsin sakan ɗaya a allo. Wannan zuba fentin shi ne aikin Huraira na shekara goma sha uku.

'Yar Maradi ce, 'yar baduku. Tun tana shekara tara take zama gefen mahaifinta tana ja masa baƙin layi a kan jar fata. Tsohon ba ya faɗa, ba ya yabo. In layi ya karkace sai ya ɗauki fatar ya ajiye a bayansa, ya miƙo wata. Da haka hannunta ya daidaita. Ta auri Abdulhamid a 1982, bayan ta kori manema biyu da bakinta. Ya sami gurbin karatun ƙididdiga a Villeurbanne, kusa da Lyon, ta biyo shi bayan shekara biyu, suka zauna a ɗakin ɗalibai wanda in ka miƙe ƙafa sai ta taɓa ƙofa. Da ya gama ya sami aiki a wata ƙungiyar ƙasa da ƙasa a Paris, suka dawo Bobigny. A nan wata maƙwabciya Bafaransa ta gan ta zaune a benci tana sabunta zanen tsohuwar jakarta ta fata. Matar ta tsaya ta yi ta kallon hannun, sannan ta ce mata ta shirya ranar Litinin ta bi ta wurin aikinsu.

Wurin wani dogon ɗaki ne a gabashin Paris, mata ashirin da biyu, kowace da teburinta da fitilarta da farar safar hannu da aka yanke wa yatsu uku. Fentin selulo ba shafa shi ake yi ba kamar na bango. Ɗiga shi ake yi, a riƙa tura shi da bakin buroshi har ya isa layi ya tsaya cak, kada ya haura ko da silin gashi. Kuma komai a juye yake, tunda ta baya kake aiki, abin da kake gani ba shi mai kallo zai gani ba. Huraira tana yin talatin a rana in ba a dame ta da surutu ba. Wuya ya sage, ido ya yi ja, cikin 'yarta ta biyu, Hamdiya, ma a kan teburin nan ya tsufa.

Fim bakwai ta yi wa aiki, ban da shirye-shiryen talabijin da ba ta ƙirga ba. Kowane in ya ƙare, sunaye su yi ta hawa allo: mai fim, darakta, mai kiɗa, direban mota, har wanda ke kawo musu abincin rana an taɓa rubutawa. Su kuwa mata ashirin da biyu, layi ɗaya ake haɗa su a ciki, “da dukan masu fenti.” Abin nan ya ci mata rai, kuma bai daina ci ba. A gida ma ba sauƙi. In baƙi sun tambayi Malam aikin Hajiya, sai ya yi murmushi ya ce tana ɗan taɓa fentin yara. Da ta je Maradi ganin gida, ta tarar dangi sun ɗauka ɗakuna take yi wa farar ƙasa a Faransa, har wata gwaggo tana tausaya mata hawa tsani.

A 1999 aka rufe wurin. Wata ranar Juma'a ta fito ta ga an jibge selulo dubbai a cikin babban akwatin shara na ƙarfe, ana yayyafi a kansu. Ba ta yi shawara da kowa ba. Ta tattare zani ta hau, ta yi ta tono har ta haɗa goma sha ɗaya na wani sakan guda da ta san nata ne: wata tsohuwa mai shuɗin ɗankwali tana juyo da kai tana dariya. Shuɗin nan ita ta haɗa shi, don wanda aka ba su kamar bangon asibiti yake, sai da ta yi kwana biyu tana faɗa da shugaban sashe kafin ya gaji ya ƙyale ta. Na goma sha biyun ta neme shi har aka zo ɗaukar akwatin, ba ta gan shi ba. Daga nan ta koma aikin girki a wata makarantar firamare har ta yi ritaya.

Selulo abu ne mai tsirfa. Ba ya son zafi, ba ya son rana, ba ya son danshi, ba ya son a ɗora masa nauyi, kuma ba ya son a toshe shi. In bai sha iska ba sai ya fara tsami, ya riƙa wari kamar khal, ruwan tsamin nan na girki, ya ci kansa da kansa. Huraira ta san duk wannan. Ta sayi takarda ta musamman ta raba tsakanin kowane da ɗan'uwansa. Ta sa Malam ya janye kabad daga kusa da bututun ɗumama ɗaki. Ranar Lahadin farko ta kowane wata, da hantsi, sai ta ja labule, ta wanke hannu, ta sa safa, ta shimfiɗa su a gado na kwata ɗin awa, ta sunkuya ta sansana kowane. Shekara ashirin da huɗu tana haka, ko tsaga ɗaya fentin bai yi ba.

To, sai mu zo kan Malam Abdulhamid. Mutumin kirki ne, kowa ya shaida, kuma wannan ma yana cikin abin haushin. Amma yana da wata cuta guda, wadda rabin mutanen ƙasarsu ke da ita: plastifiye. Wato a sa takarda cikin aljihun roba, a tura ta injin zafi, ta fito a liƙe tana ƙyalli. Yana da dalilinsa. Yana saurayi gara ta cinye masa takardar gama firamare a cikin akwatin uwarsa, sai da ya yi sawu uku zuwa Yamai kafin ya sami wata. Tun daga ranar ya ƙulla gaba da takarda tsirara. Takardar aure, digiri, katin rigakafin yara, jadawalin lokutan salla, wasiƙar ƙarshe ta mahaifinsa, duk sun bi ta injin. An taɓa mayar masa da takardar haihuwar ɗansa a wani ofishi, aka ce tunda ya liƙe ta ba ta da amfani. Ya dawo gida yana cewa su ne ba su san darajar takarda ba. A wurinsa abu in yana da daraja, plastifiye shi ake yi, magana ta ƙare.

A farkon bazarar 2023 Hamdiya, wadda yanzu injiniya ce a Villeurbanne, ta kira uwarta tana haki. Wani ƙaramin gidan nune-nune a Lyon yana shirya baje kolin selulo, kuma ba na daraktoci ba, na matan da suka yi fentin. Ta tura musu hoton guda biyu da ta taɓa ɗauka da waya. Mai shirya abin, wani Nassim, ya ce yana son duk goma sha ɗayan, a jere a bango guda, da sunanta a sama. Huraira ta ce, “To, na ji,” kamar an ce mata farashin albasa ya sauka. Ta ajiye wayar ta shiga kicin ta rufe ƙofa, ta zauna a kujera ta daɗe ba ta fito ba. Abin da take jira ke nan tun 1986: sunanta, kusa da aikin hannunta, inda mutane za su gani.

Malam ma abin ya shige shi. Ya ji an ce Turawa masana sun nemi kayan, sai ya fara kallon kwalin da wani ido. Ashe dai abin nan yana da daraja! Kuma ga shi za a ɗauke shi a jirgin ƙasa, hannu ya taɓa, ruwa ya iya zuba, a ce abu mai daraja haka yana zaune tsirara cikin takarda. Tunanin bai bar shi ya sake ba.

Ranar Talata, saura kwana goma a kai kayan, Huraira ta tafi ganin likitan ido. Tana fita Malam ya hau kujera ya sauko da kwalin, ya sa shi a hammata, ya shiga metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, zuwa unguwar Goutte d'Or, shagon abokinsa Mika'il, mutumin Tawa, mai sayar da katin waya da yin fotokopi. Aka gaisa aka daɗe, aka tambayi iyali da mutanen gida. Mika'il ya ɗaga selulo ɗaya da yatsun da ya gama cin gyaɗa da su, ya ce, “Malam, wanga ai kamar roba ne.”

Malam ya ce, “To, roba bisa roba, ƙarhi biyu ke nan.”

Na farko ya fito da ɗan tattara. Mika'il ya dube shi ya ce mashin ɗin bai yi zafi sosai ba, ya murɗa shi zuwa ƙarshe. Aka kawo shayi, aka shiga hirar siyasar gida, wadda ba ta taɓa ƙarewa cikin minti goma ba. Mika'il yana tura su ɗaya bayan ɗaya ta gaba, suna faɗawa a tire ta baya, manyan mutane biyu masu ido huɗu da tabarau biyu, ba wanda ya leƙa. Sai da warin ƙonanniyar roba ya cika shagon sannan suka waiwaya.

Huraira ta dawo ta tarar da kwalin a kan teburin falo, Malam yana tsaye a gefe ya yi tsuru-tsuru, da hularsa a hannu. Ta ajiye jaka. Ta ɗaga murfin. Na sama ya lanƙwashe ya ƙanƙance kamar ganda a wuta. Fentin ya tafasa ya yi ƙuraje, layin tawada ya narke ya bazu, fuskar tsohuwar nan mai dariya ta koma wani dunƙule mai ruwan ƙasa da baki a gefen kunne. Ta ɗaga na biyu. Ta ɗaga na uku. Ta bi su har na goma sha ɗaya, kowane a liƙe cikin roba mai kauri, yana ƙyalli.

Ta ce, murya ƙasa-ƙasa, “Malam, mi ka yi?”

“Hajiya, kado ne, kyauta, na so in yi miki. Na ga tahiya da nisa, ga hannun mutane...”

“Mi ka yi, na ce!”

“Plastifiye su munka yi. Mashin ɗin ne ya...”

Nan fa abin ya ɓalle. Maƙwabtan hawa na huɗu sun ce sun ji, na hawa na takwas ma haka.

“Shekara ashirin da huɗu ina hana ma rana ganinsu, kai ka ɗauka ka kai su ga wuta! Wa ya aike ka? Mutuwa na yi da ba ka iya tambayata? Ina cikin gidan ga, ɗaki guda muke kwana, tambaya guda ta gagare ka? Shekara arba'in kana ce ma mutane fentin yara nike yi, ba ka taɓa cewa in nuna maka ba. Ran da ka ga dama ka duba, ran nan ka kashe su!”

Ya ce, “Wallahi don darajarsu na yi.”

“Da ka ci gaba da raina su, da suna nan lahiya lau!”

Da Malam ya yi shiru a nan da ya tsira da sauran mutuncinsa. Amma mutumin lissafi ne, kowace matsala yana ganin tana da mafita. Ya ce, a hankali, “To, ba ki iya sake wasu? In sayo miki kayan, ko nawa ne.”

Ta ɗaga hannunta na dama ta kai shi dab da fuskarsa. Hannun yana rawa, kamar yadda ya saba yi tun shekara huɗu da suka wuce. Ta ce, “Wa ke sa mini zare ga allura cikin gidan ga? Ba kai ba ne? Dubi hannun da kyau, ka sake hwaɗin abin da ka ce.” Bai sake ba. Ta ɗauki kwalin ta shige ɗaki ta murɗa makulli.

Kwana tara ba ta yi masa magana ba. Tana girki, ta dire masa kwano har miya ta fantsama. Mika'il ya aiko da kilishi da ban haƙuri, ta mayar da kilishin, ban haƙurin kuma ta ce a faɗa masa ya plastifiye shi ya rataya a shago. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne ba mugu ne ya yi mata ba. Da maƙiyi ne da ta san yadda za ta yi da shi. Amma mutum ya hallaka ka da kyakkyawar niyya, sannan ya zauna a falo yana sauke ajiyar zuciya, kowa ya zo ya ce miki ai ba da gangan ya yi ba, ki yi haƙuri. Ita ba ta ga abin da rashin gangan ya gyara ba.

Ta ce ba za ta je Lyon ba. Hamdiya ta hau jirgi ta zo takanas, ta durƙusa a gabanta ta ce, “Mama, ki bari masanin ya gani. Wataƙila akwai yadda za a ɓare robar.” Wannan ‘wataƙila’ ita ta tashe ta. Ranar Juma'a suka tafi su uku, awa biyu a jirgin ƙasa, Huraira a bakin taga da kwalin a cinya, Malam kujera biyu a bayansu, don ta ce in ya zauna kusa da ita za ta sauka.

Nassim mutum ne ɗan shekara arba'in da wani abu, mai sanyin magana. Ya tarbe su da fara'a, ya sa farar safa kafin ya taɓa kwalin, abin da ya sa Huraira ta ɗan ji sanyi. Ya buɗe. Fara'ar ta tafi. Ya ɗauki ɗaya ya kai ƙarƙashin fitila, ya juya shi, ya ajiye, ya cire tabarau ya murza ido. Da Faransanci ya yi bayani, a hankali, kamar likita. Gam ɗin robar ya shige cikin fentin, in aka ɓare, fentin zai biyo. Kuma tunda an toshe su ba sa shan iska, za su fara tsami daga ciki, nan da 'yan shekaru abin da ya saura ma zai tafi. Bangon da ya ware mata ba zai yiwu ba. Hotuna biyun na waya kuma hasken fitila ya cinye rabinsu.

Sai ya ce akwai wani abu, in ba za ta ji haushi ba. A ƙarshen zauren akwai akwatin gilashi da ya tanada don nuna yadda selulo ke lalacewa: wanda rana ta kashe, wanda danshi ya ci, wanda ya yi tsami. Bai taɓa samun wanda aka sa a injin zafi ba. Zai koya wa mutane abu. Za a rubuta sunan wadda ta yi fentin, da shekarun aikinta, da abin da ya faru.

Huraira ta ce da Hausa, “Kun ji ko? Na hiddo su daga shara guda, za a mai da su wata mai gilashi.”

Malam, wanda tun shigowarsu yake tsaye a bakin ƙofa, ya matso. Ya ce, “Hajiya, ki yarda. A rubuta ni na yi. A sa sunana cikakke, kowa ya gani, ni ne jahilin.”

Ta juyo ta dube shi daga sama har ƙasa. “Shekara talatin da bakwai ina jiran a rubuta sunana, yau da za a rubuta kuma sai an haɗa da naka? Ko nan ma sai ka shigo?”

Hamdiya ta sunkuyar da kai. Nassim bai ji Hausa ba, amma ya gane ba yabo ake yi ba, ya shiga gyara takardun da ke kan teburinsa.

Huraira ta daɗe tana kallon kwalin. Ba ta son akwatin gilashin nan, ta tsane shi tun ba ta gan shi ba. Amma shekararta sittin da biyu, ba wanda zai sake kiranta, kuma kayan da kansu mutuwa suke yi. In ta mayar da su saman kabad, to, shi ke nan, an gama da ita. Ta ɗago ta ce wa Nassim, da Faransancinta mai kaifi, ta yarda, bisa sharaɗi. Duk goma sha ɗayan za a jera, ba ɗaya ba. Sunanta a sama da manyan baƙaƙe, da Maradi, da 1986 zuwa 1999. A ƙasa a rubuta an sa su a injin zafi, iyakar abin ke nan. Sunan mijinta ba zai hau bangon nan ba, ko don kunya ko don komai. Nassim ya rubuta duk abin da ta ce.

Bayan mako uku, ranar Asabar da la'asar, aka buɗe. Huraira ta sa shadda mai ruwan ƙwai, ta ratsa zauren ba ta tsaya ba. Ta ga aikin sauran mata a bango ta gefen ido, kowane a cikin firam, an bar masa wurin shan iska, an rage masa hasken fitila, launi yana nan ɗanye kamar jiya aka zuba. Akwai waɗanda ta san ta fi su hannu nesa ba kusa ba. Ta isa ƙarshen zauren, kusa da ƙofar banɗaki, inda akwatin yake. Sunanta yana nan, an rubuta shi daidai. Ta karanta shi sau uku. Ta yi zaton za ta ji daɗi, amma daɗin bai zo ba.

Mutane suka fara isowa. Wani mai jan gyale a wuya ya leƙa, ya yi tsaki irin nasu, ya ce da ƙarfi, “Wane mahaukaci ne ya yi wannan?”

Malam Abdulhamid yana can gefe riƙe da jakar Hajiya. Ya gyara tsayuwa ya ce, “Ni ne, yallaɓai. Matata ta yi su, ni na ɓata.”

Da gaskiya ya faɗa, don ya ɗauki kunyarsa da kansa. Amma ka san mutane. Mai gyalen ya ce, “Kai? Ta yaya?” Wata ta matso, wani ya kira matarsa. Malam ya fara ba da labari, da gara, da Yamai, da shayin Mika'il, da yadda aka ƙara wa mashin wuta. Aka fashe da dariya. Kafin minti biyar mutum goma sha biyar sun kewaye shi, wata 'yar jarida ta fito da littafinta tana tambayarsa yadda ake rubuta sunansa. Duk sun ba akwatin baya. Huraira tana tsaye ita kaɗai kusa da sunanta, haushi ya cika ta. Ta rantse a ranta in suka koma Bobigny sai ya gwammace shirun kwana tara.

Tana cikin haka wata tsohuwar Bafaransa mai sanda ta zo, ba ta ko dubi taron ba. Ta jingina sandar, ta sunkuya har hancinta ya kusa taɓa gilashi, ta bi su ɗaya bayan ɗaya. A kan na tara ta tsaya. Can ƙasa, a kusurwa, akwai jelar ɗankwali da zafin bai kama ba, wuri bai fi faɗin babban yatsa ba. Fentin yana nan sumul, ya zo bakin layi ya tsaya. Tsohuwar ta daɗe a kansa. Sannan ta miƙe da ƙyar, ta dubi sunan, ta dubi Huraira.

Ta ce, “Ke ce? Ni ma shekara goma sha tara na yi a kan tebur. Wannan lanƙwasar zubi ɗaya kika yi mata, ba ki koma kanta ba. Mu a wurinmu mutum biyu kaɗai ke iya haka.”

Huraira ta ce, “Kusurwa ce kawai kika gani. Da kin ga fuskar.”

Tsohuwar ta ce, “Yaya take?”

Huraira ta ɗora yatsa a kan gilashin, ta buɗe baki za ta nuna mata inda dariyar ke farawa, a gefen ido, kafin ta sauko kumatu. Ta duba na farko, ta duba na biyar, ta bi su har ƙarshe tana neman ko ido ɗaya da ya saura. Babu. Ta tsaya da yatsa a kan gilashi, hawayen haushi suna zubo mata ba ta share ba, tsohuwar tana jira, a bayansu kuma aka sake kwashewa da dariya.